Fentin runduna kafin wasan Asabar: shawarwarin 'yan zaure a Gombe

Na Bolari: Salamu alaikum. Sojojin Warhammer, wato 'yan ƙananan mutum-mutumin roba da ake wasan yaƙi da su a kan tebur, talatin ne a ƙasa, ko fentin shimfiɗa babu, ga wasa ranar Asabar. Wace hanya ce mai sauri wadda aikin ba zai yi muni ba?

Na Jekadafari: Wa alaikumus salam, ƙanena. Inuwa da haske ake fara yi, launi ya biyo baya. Fesa musu baƙi gaba ɗaya. In ya bushe, samo burushin hoda irin na mata, ka dangwali fenti ruwan toka, ka goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan ka bi jikinsu daga sama zuwa ƙasa. Sai fari, a kai da kafaɗu da bakin takobi kawai. Daga nan Contrast na Citadel, wato fentin launi mai ruwa-ruwa, shafa ɗaya: yana gangarawa lunguna ya yi duhu, ya bar tudu da haske. Jera su goma-goma, launi ɗaya ka bi kowa da shi. Kafin ka kai na goma, na farko ya bushe.

Na Pantami: Haka ne Yaya, amma hunturu ake fa. In ka yi nisa da gwangwani, fentin a iska yake bushewa, ya sauka gurza-gurza. Girgiza shi minti biyu, ka fesa daga santimita 20 zuwa 25, ka kifa kwali a kansu saboda ƙura. Ban da shanya a rana, mashi da takobi lanƙwashewa suke.

Na Bolari: To Speedpaint fa, Malam?

Na Pantami: Duba kwalbar. Shi ma irin Contrast ne, amma na farkon da kamfanin Army Painter ya fitar, ana ɗora masa jiƙaƙƙen fenti yake narkewa ya ɓata na sama. Samfurin 2.0 na 2023 ya rage wannan sosai. In tsohon ne a hannunka, fesa banish marar sheƙi tsakanin shafa da shafa. Ko wanne ka saya, kada ka sirka da ruwa, tabo yake bari. Akwai ruwan sirkinsu. A kan garkuwa da bayan alkyabba yake taruwa, sai ka tsotse da burushi mai ɗanshi nan take. In ya fara kamewa, ƙyale shi, taɓawa ɓata shi take.

Na Jekadafari: Sulke da makamai kuwa, fentin azurfa ka bi da Nuln Oil, baƙin fenti mai ruwa-ruwa na inuwa, ya wadatar. Gindin da suke tsaye a kai, gam ɗin kafinta da tankaɗaɗɗen yashi. Idanu kuma ka haƙura da su, daga gefen tebur ba mai ganinsu.