Font na tsohon yayi a kan fasta: ɓ, ɗ da ƙ sun ƙi fitowa

Ɗan_Kwari: Assalamu alaikum masu zane. Fastar bikin cikar wani shago shekara hamsin ce a hannuna, ana so ta yi kama da tallan zamanin da. Na gwada font (wato salon haruffa) uku masu ado, amma duk inda ƙ ko ɗ ya faɗo sai akwati ya fito, ko harafin ya rame ya bambanta da 'yan'uwansa. Wane font ya dace, kuma yaya ake yi da masu lanƙwasa?

Mai_Allo: Wa alaikumus salam Malam. Fara tantance wane "da" ake nufi, don ba iri ɗaya ba ne. In kamar fastocin Amurka na ƙarni na 19 ake so, waɗanda ake bugawa da haruffan katako, nemi dangin Clarendon, wanda Robert Besley ya fitar a Landan a 1845, ko Rye da Alfa Slab One da ke Google Fonts. Broadway na Morris Fuller Benton yayin salon zane na Art Deco ne na ƙarshen shekarun 1920. Shagon da aka buɗe a shekarun 1970 kuwa Cooper Black ya fi dacewa da shi. Oswald Cooper ya zana shi a Chicago tun 1922, amma a shekarun 60 da 70 ya sake yin tashe. Mai adon a kan take kawai za ka sa shi. Rana, wuri da lambar waya a ba su font mara ado. Kada ka haɗa Broadway da Rye a fasta ɗaya, kamar babbar riga ce da hular kwano.

Hajiya_Kala: Dalilin akwatin shi ne don harsunan Turai aka zana waɗannan font ɗin. Ramammen harafin kuma manhajar ce ta aro shi daga wani font. A Unicode ma, wato tsarin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, masu lanƙwasar ba a gida ɗaya suke ba: ƙ da Ƙ, Ɓ, Ɗ suna Latin Extended-B, su kuwa ƙananan ɓ da ɗ suna IPA Extensions, shi ya sa wani font yake da ƙ amma babu ɗ. Kafin ka fara aiki rubuta ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ ₦ ka gani, ka ƙara ƴ in aikin na Nijar ne.

Take bai wuce kalma huɗu ko biyar ba, don haka gina harafin da hannu. Rubuta da k zalla, ka mayar da rubutun zane: Ctrl+Q a manhajar CorelDRAW, Ctrl+Shift+O a Illustrator. Sai ka rubuta f na font ɗin a girma ɗaya, ka yanke lanƙwasar kansa, ka cire ɗan kunnen da ke saman sandar k, ka ɗora lanƙwasar ka haɗe su. Haka za ka yi wa b da d, dukkansu dama suke lanƙwasawa. Ɓ da Ɗ hagu suke yi, a nan wutsiyar J da aka kifa ita ke aiki. Ƙ ya fi wahala, domin a hannunsa na sama ake lanƙwasawa. Inda ake yawan kuskure shi ne miƙar da lanƙwasar: kaurinta sai ya saɓa da na sanda, daga nesa ake ganewa. Ka kuma ƙara tazara bayan ɗ, in ba haka ba ƙugiyar za ta hau harafin da ke gaba. Ajiye kwafin da ba a mayar zane ba, saboda gyara.

Plotter_Fagge: Ƙari kan na Hajiya, wajen bugu. Layukan Broadway na siriri kamar zare ne. In fari ne a kan baƙi tawada takan cinye su a fileks, sai ka ɗan ƙara musu kauri. Font masu kamar sun goge ba sa yankuwa a injin sitika, ɗigonsu ya yi yawa, wuƙa sai ta yayyaga ledar. Tsayin harafi kuma, kusan santimita biyu da rabi ga kowace mita uku ta nisan mai karatu. Bar milimita 3 a gefe don yanka.

Ɗan_Kwari: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Cooper Black zan ɗauka. Hajiya, ƙugiyar f ɗinsa tana da kumburi sosai, in rage ta ko in bar ta yadda take?