Yatsuna na mutuwa bayan aikin inji, wa ya taɓa fama da haka?

Mai Walda, Jos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 14 ina walda, kuma rabin yinina injin yankan ƙarfe na riƙe a hannuna. Tun hunturun bara, da na taɓa ruwan alwalar asuba sai yatsu uku na hannun dama su koɗe fat kamar an zuƙe jininsu, ko tsinke aka soka mini ba na ji. Can bayan kamar minti goma sai jinin ya dawo da zugi, su yi jawur. Ɓalle maɓallin riga ma aiki ne. Tsohuwata ta ce sanyi ne ya shige ni, na sha jiƙo har na gaji. Ga ni kuma da ciwon suga shekara 3 ke nan. Wani ya ce in sayi injin tausa mai jijjiga, wai yana buɗe jijiyoyin jini. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, jijjiga ta jawo ciwon, kuma ita ce maganin?

Dattijon Kwari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abin nan na san shi ciki da bai. Na yi shekara tara da injin fasa dutse. Da farko minjirya kawai nake ji in an tashi aiki, kafin magariba ta wuce, sai na raina ta. Daga baya allura ta gagare ni ɗauka, kofin shayi ya riƙa suɓucewa daga hannuna. Na bar aikin tuni, koɗewar ta ragu ƙwarai, amma jin da ya tafi bai dawo duka ba har yau. Lokacin kuma ina zuƙar taba, ashe ita ma tsuke jijiya take yi. Kada ka yi irin jinkirina.

Malamar Jinya:
Malam, sannu. Ciwon nan sananne ne. Tun 1911 wani likitan Italiya, Giovanni Loriga, ya bayyana shi a jikin masu aiki da injin fasa dutse, sannan a 1918 Alice Hamilton ta gan shi wajen masu sassaƙa dutse a jihar Indiana ta Amurka. Jijjiga mai ƙarfi, in ta ɗauki shekaru, tana raunata shimfiɗar cikin ƙananan jijiyoyin jini na yatsu, bangonsu ya yi kauri, su zama masu saurin tsukewa. Shi ya sa da sanyi ya taɓa su sai su rufe, yatsa ya koɗe. Tana kuma lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji.

To suga ma waɗannan biyun yake ci, jijiyar jini da jijiyar ji, duka biyu ke nan a wuri ɗaya. A wajen aikinmu akwai wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke kaɗawa sau 128 a daƙiƙa. Mukan buga shi mu ɗora a kan ƙashin babban yatsan ƙafar mai suga, mu ce ya faɗa in ya daina jin rawarsa. Na sha ganin mutum ya shigo da ƙafarsa garau, ƙarfen na rawa a jikinsa yana tambayata ko na fara.

Batun injin tausa kuwa, gaskiya ne jijjiga mai laushi ta 'yan mintuna kan ƙara gudun jini a fata na ɗan lokaci, an auna an gani. Amma wannan daban, awa biyar da injin yankan ƙarfe daban. Ni dai ba zan ce mai hannu irin naka ya ƙara masa wata jijjigar ba.

Uwar Biyu, Damagaram:
Ni ta injin tausar zan ba ku labari. Maigidana na da suga, ƙafafunsa kullum a sanyaye, sai ƙaninsa ya kawo masa irin wanda ake zura ƙafa a ciki, yana jijjiga yana ɗumamawa. Ya ji daɗinsa sosai, yana cewa ƙafar ta saki. Wani dare barci ya kwashe shi da abin a kunne. Da safe ni na ga bororo a dugadugansa, shi bai ma san ya ƙone ba. Wata huɗu muna jelen wankin ciwo, har an fara maganar da ba na son tunawa. Allah ya rufa asiri ya warke. Injin na can saman sif ya sha ƙura.

Ɗan Acaba:
Mu ma fa muna ciki. In na yini a hanyar burji, da dare tafin hannuna kamar ba nawa ba. Da na sa roba mai kauri a kan hannun babur na ɗan ji sauƙi.

Baƙon Ingila:
Nan inda nake aikin gini, tun 2005 akwai doka a kan wannan. Ana auna ƙarfin jijjigar da ke shiga hannu a kan awa 8: in ya kai 2.5 a ma'auninsu dole mai kamfani ya ɗauki mataki, haram ne ya wuce 5. Shi ya sa muke karɓa-karɓa, wani injin ba a barin ka ka daɗe da shi a yini. Kada safar hannu ta ruɗe ka, Yaya, amfaninta ɗumi ne, jijjigar da take tarewa kaɗan ce. Abin da na ga yana aiki: canza faifan yanka da zarar ya dakushe ko ya karkace, kada ka damƙe injin kamar za ka shaƙe shi, ka riƙa ajiye shi kana hutawa.

Mai Walda, Jos:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, labarinki ya sa na fasa sayen injin nan. Daga gobe yarana biyu za su riƙa karɓar yankan, ni in tsaya a walda, alwala kuma da ruwan ɗumi. Malama, in na je ganin likitan suga ran Talata, gwajin ƙarfen nan ana yinsa a hannu ko sai ƙafa?

Malamar Jinya:
Ana yi a duka biyun. Ka faɗa masa sana'arka da yawan shekarun da ka yi da injin, kada ya ɗora komai a kan suga. In yatsun sun koɗe kafin ranar, ka sa a ɗauki hotonsu a waya ka nuna masa.