Shawara kan tsohuwar kauntar HP da ke canza lamba

Mai Rediyo, Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na samu tsohuwar kauntar firikwensi ta HP, wato na'urar ƙirga yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa, a cikin kayan gwanjo, kuma da na buɗe ta na tarar da osileta 10811 mai bayar da megahaz 10, wato agogon kiristal da kauntar ke dogara da shi wajen awo. Damuwata ita ce, idan na auna sigina ɗaya da safe, na sake aunawa da la'asar, lambobin ƙarshe ba sa tsayawa wuri guda. Shin zafin garin nan ne, ko kuwa kiristal ɗin ya gaji ne in nemi wani?

Tsohon Injiniya, Runjin Sambo:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi gaggawar ɗora wa zafi laifi, domin kiristal ɗin 10811 yana zaune ne a cikin ɗan tanderu da ke riƙe shi a kusan digiri 80, saboda haka ko zafin Afrilu da ke haura 40 bai kai ya girgiza shi sosai ba. Abin da ba ya so shi ne a riƙa kashewa ana kunnawa. Duk lokacin da ya huce, ba ya komawa daidai inda yake a da, sai ya ɗauki lokaci yana neman mazauninsa, kuma alƙawarin da masu ƙera shi suka yi, cewa ba zai gusa fiye da kashi 5 cikin biliyan 10 a rana ba, sai bayan ya yi awa 24 a kunne. Mu da ake ɗauke mana wuta sau da yawa a yini, yaushe zai samu wannan natsuwa?

Shawarata ita ce ka ciro shi, ka ba shi wutarsa daban. Tanderun yana karɓar bolt 20 zuwa 30, don haka batir biyu masu bolt 12 a jere, da sola tana yi musu caji, sun wadatar, sannan ka sama wa ɓangaren osileta bolt 12 mai tsafta. Kafin wannan duka, ka kunna shi rabin awa ka ɗora bayan hannunka a jikinsa. Idan ka ji shi da sanyi, to mai yiwuwa ɗan fiyus ɗin zafi da ke ciki ya tsinke, wanda sanannen ciwo ne a wannan samfurin.

Malama, Arkilla:
Baba ya yi gaskiya, sai dai ina da ƙari. Malam, ta yaya ka tabbatar kauntar ce ke tafiya ba siginar da kake aunawa ba? Dole sai da alƙali na uku. Ni Trimble Thunderbolt nake amfani da ita, wadda ke daidaita kiristal ɗinta da taurarin GPS, kuma ba ta buƙatar komai sai eriya a kan rufi inda sama take a buɗe, da wuta kashi uku: bolt 12 biyu, mai ƙari da mai ragi, da kuma bolt 5. Kada kwanan watan da take nunawa ya tsorata ka, domin tun Yulin 2017 lissafin makonnin GPS, wanda ke komawa farko bayan makonni 1024, ya juye mata, amma megahaz 10 ɗinta lafiya lau take, kuma manhajar Lady Heather tana gyara kwanan a kwamfuta.

Ɗalibi, Gawon Nama:
Malama, ina neman ƙarin haske. Me zai hana a sayi osileta mai aiki da sinadarin rubidiyam kamar LPRO-101 a huta da maganar eriya?

Malama, Arkilla:
Tana da kyau, amma fitilar da ke cikinta tana tsufa, kuma mai sayar da ta hannu ba zai gaya maka shekara nawa ta yi tana ci ba. Tana kuma fitar da zafi, sai an ɗaure ta a kan faifan alminiyam mai kauri, a ɗakin da shi kansa yake tafasa. Bayan haka ita ma sai an daidaita ta da GPS lokaci zuwa lokaci, domin ba da rubidiyam aka ayyana daƙiƙa ba, da sinadarin siziyam ne tun 1967, a kan kaɗawa 9,192,631,770.

Tsohon Injiniya, Runjin Sambo:
Na manta abu ɗaya. Duk na'urar da ta fito daga Amurka, a duba bayanta a tabbatar an juya ta daga bolt 115 zuwa 230 kafin a soka ta a bango. Ni na taɓa yarda da maganar dillali ban duba ba, kuma har yau ina tuna ƙaurin taransifomar.

Mai Rediyo, Mabera:
Allah Ya saka da alheri, Baba, ke ma Malama na gode. Na kunna ta minti arba'in, na taɓa jikin osiletar na ji sanyi ƙalau kamar randa. Gobe da safe zan kwance ta in auna fiyus ɗin, sai dai ina roƙon Baba ya faɗa mini ta wane gefe ake fara cire murfin, don kada in tsinka wayoyin tanderun.