Neman kalma: wannan akwatin da ake ɗaurawa bisa mota, mi za mu ce mai?

Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya a garajin wani makanike nan Yamai muka yi ta gardama kan wata Prado da ta shigo da dogon akwatin roba mai murfi ɗaure a bisanta, wanda Faransawa ke ce ma coffre de toit. Wani ya ce galari ne, na ce a'a galari ai ƙarafan ne da ake ɗora kaya a ja raga bisa, shi kuwa wannan rufe yake da makulli, kansa siriri kamar gaban kwalekwale. Wani yaro ya ce kofur, to kofur kowa ya san bayan mota yake, in ka ce sa kaya a kofur ba wanda zai ɗaga kai.

Kawuna da ya daɗe yana tuƙin Yamai zuwa Tawa ya ce adaka. Kalmar ta min daɗi wallahi, amma adaka tana kawo ma mutum nauyi a rai, ƙarfe ko katako na kayan amarya, alhali wannan abu ba nauyinsa ne damuwa ba. Ni ina ga akwatin bisa ya fi, don kalmar bisa ita ke faɗin inda matsalar take, wato iska.

Mota in tana gudu iska take tsagawa, kuma in ka ninka gudu daga kilomita 60 zuwa 120 a awa ƙarfin da iska ke tura ka baya ninki huɗu yake yi ba biyu ba. Shi ya sa cikin gari kusan ba ka jin komai, amma ka hau gudron Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni lokacin hunturu iskar gabas na dukan fuskarka, nan esansi zai nuna maka. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a gudun kilomita 105 zuwa 120 a awa babban akwatin bisa mai faɗin gaba na iya rage tafiyar da lita ɗaya ke yi da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari, ko babu komai ciki ma yana ci, don haka in an gama tafiya a kwance shi a ajiye.

Sai kalma ta biyu da nike nema, ta caravane, wannan ɗakin mai taya da Turawa ke ja bayan mota suna kwana ciki. Kar don Allah wani ya ce ayari, ayari na raƙuma ne masu zuwa Bilma ɗauko gishiri, sunan ne kawai ya zo ɗaya a Faransanci. Ramok kuma na kaya ne. Ni na ce ɗaki-bi-mota, ya hau baki kuma ko tsohuwa ta ji ta gane.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne in ka haɗa su biyun lissafi na sakewa. Ɗaki-bi-mota ya fi motar tsawo da faɗi, gabansa kamar bango, shi ke tare iska mafi yawa, ga nauyinsa. To akwatin bisa yana zaune a gaban wannan bangon, iskar da ya tare da ma bango za ta je ta buga, saboda haka ƙarin man da yake jawowa bai kai na lokacin da motar ke ita kaɗai ba. Masu jan ɗakin kuma ba sa gudu sosai, wannan ma na rage cinsa. Amma fa kowace mota tana da iyakar nauyin da rufinta ke ɗauka, da yawa wajen kilo 75 ne har da akwatin kansa, a duba takardar motar.

Mutanen Tawa da Ƙwanni, direbobi musamman, in akwai sunan da kuke kiran akwatin nan a tasha ku faɗo shi, in babu ni dai akwatin bisa zan ci gaba da cewa.