Baba na son ganin Andalus, kwana uku kacal gare mu: ƙauyen Poble Espanyol zai wadatar?

'Yar Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Ina karatu a Basalona, Baba da Hajiya za su zo bikin kammala karatuna, kwana uku za su yi. Baba malamin zaure ne, tun muna yara yake ba mu labarin Andalus, wato Sifaniya ta zamanin mulkin Musulmi, da biranenta Ƙurɗuba da Garnaɗa, ya ce ko sau ɗaya yana son idonsa ya gani. Matsalar ita ce gwiwa tana damunsa, ba ya doguwar tafiya, kuma jirgin ƙasa daga nan zuwa Garnaɗa ya fi awa shida. A nan kan tudun Montjuïc akwai wani ƙauye da aka gina domin baje kolin duniya na 1929, Poble Espanyol, gine-gine 117 da aka kwaikwayo daga sassan Sifaniya, har da unguwar Andalus. Wanda ya taɓa shiga ya gaya mini: in kai shi can, ko in matsa mu je Garnaɗa? Kuɗin da na tara bai wuce yuro 400 ba.

Ɗan Barsa: Wa alaikumussalam. Ƙanwata, mutum ya zo Basalona bai ga filin ƙwallo ba ai bai zo ba. Ki saya wa Baba riga mai lamba goma.

Maman Hanifa: Na shiga da yarana. Ƙofar kwaikwayon hasumiyoyin ganuwar Ávila ce, kina wucewa sai babban dandali. Unguwar Andalus ɗin lunguna ne farare tas, an rataye tukwanen furanni a bango, ba za ki yi minti goma ba kin gama ta. Abin da ya riƙe yarana shi ne mai hura gilas: ya ciro dunƙule ja jawur daga wuta, ya hura ta bututu, kafin ka ce kwabo ya zama ɗan doki. Yuro 14 na biya kowane babba.

Injiniya Sani: 14 kuma? Ni 11 na biya.

Maman Hanifa: Wace shekara, Injiniya?

Injiniya Sani: An ɗan jima. Amma ki saya ta intanet, ya fi na bakin ƙofa sauƙi. Ki je Dubai ma in kina son irin wannan, Global Village ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

Hauwa Maraɗi: Ni da daddare na shiga, bai kai yuro 10 ba. Sai dai 'yar'uwa kar ki kai dattijo da dare. Shagunan masu sana'a sun rufe, gidajen rawa da mashaya ne ke buɗewa. Ki kuma lura da abinci, naman alade ne rataye a kusan kowane kanti.

Baduku: Ku yi haƙuri, ni ban taɓa zuwa Sifaniya ba, amma na zauna a cikin irin wannan ƙauyen, ba kallo na je ba, ni aka je kallo. Dukanci na gada. Wani ɗan kwangila ya zo har rumfarmu ya ɗebe mu mu shida, da maƙeri da masaƙi da marini, ya ce baje koli ne a wata ƙasa, wata biyu, za a ba mu masauki da albashi, cinikinmu kuma namu ne. Muka je muka tarar an yi bukkoki da katako an shafa musu siminti launin jar ƙasa. In ka ƙwanƙwasa bangon sai ya yi ƙara kamar ganga. Aka ce in cire agogona, in ɓoye wayata, in zauna a tabarma ba takalmi. Keken ɗinkin da na shekara goma sha biyar ina aiki da shi aka ce ba a so a gani, sai basilla da zare. Wata mata ta tsuguna ta ɗauki hoton tafin ƙafata, ba ta ko yi mini sallama ba. Da lokacin salla ya yi sai mu faki ido mu zagaya bayan bukka inda ake tara kwalaye. Ranar tashi mutumin ya ce kuɗin rumfa da na abinci sun cinye cinikin. Da jakunkuna takwas da ban sayar ba na dawo, da bashin da na ci na sayi fata. Wallahi har yau in na ji an ce ƙauyen gargajiya sai ƙirjina ya yi nauyi.

Hauwa Maraɗi: Innalillahi. Allah ya saka maka, Baba.

Injiniya Sani: Ba ku yi yarjejeniya a rubuce ba?

Baduku: An yi, da yaren da ba mu iya ba. Shi ya fassara mana.

Malamin Tarihi: Abin da ya sami Baba Baduku tsohon abu ne. A baje kolin Faris na 1889 an gina titin Alƙahira sukutum, aka kawo jakuna da masu kora su daga Masar. Har fuskar masallaci aka yi, in ka shiga ciki kuwa gidan shan gahawa ne da 'yan rawa. Mu ma an yi da mu. A Wembley, Landan, 1924 zuwa 1925, an gina gari mai ganuwa irin ta biranenmu, aka sa Najeriya da Gold Coast, wato Gana ta yau, da Saliyo a ciki, aka kai masu sana'a suna aiki Turawa na kallo. Ɗaliban Afirka ta Yamma da ke Landan sun yi ƙorafi a kan yadda jaridu suka riƙa kwatanta mutanenmu, kuma a 1925 ɗin Ladipo Solanke da abokansa suka kafa WASU, ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma. Na Basalona dai ya bambanta, mutanen ƙasar ne suka kwaikwayi nasu. Mutum huɗu, masu zanen gini biyu da masu zanen hoto biyu, suka zaga garuruwa kusan 1,600 suna zana abin da suka gani. Da niyyar a rushe bayan wata shida aka gina, farin jininsa ya sa aka bar shi.

Maman Hanifa: Malam, da girmanka, ka taɓa shiga wurin? Yarinya ta ce wanda ya taɓa shiga.

Malamin Tarihi: Ban shiga ba Hajiya, amma na shekara ina koyar da shi.

Maman Hanifa: Karatu daban, gwiwar tsoho daban. Ƙasan wurin duwatsu ne, akwai hawa da matakala. Ku hau bas mai lamba 150 daga Plaça Espanya, yana tsayawa kusa da ƙofa. Kar ku taka tudun nan da ƙafa.

Bazazzagi: Bakano zai biya yuro 14 ya kalli ginin bogi? Sai dai in za a ba shi rumfa a ciki.

Ɗan Kurmi: Bawanmu ya shigo. A ba mu rumfar, wata uku mun saye ƙauyen, mu ɗauke ka gadi.

Alhaji Mai Atamfa: Ni ban yarda a kai malami wurin kwaikwayo ba. Mutumin da ya karanta yadda Garnaɗa ta faɗi a 1492 ba lungu mai furanni yake nema ba. Na tsaya a fadar Alhamra da ke Garnaɗa, bango ko'ina an sassaƙa “Wa la galiba illallah”, na karanta da idona, hawaye ya zubo mini. Ki ci bashi in ta kama. Tikitinta dai sai an saya tun da wuri, yana ƙarewa.

'Yar Fagge: Alhaji na gode, amma mu uku ne, ga kuɗin jirgi ga masauki. Kuma Alhamra ma ai tafiya ce mai yawa ko?

Ɗan Kurmi: Abin da ke ci mini rai, su sun gina na kwaikwayo sun riƙe shi kusan shekara ɗari, mu namu na asali yana narkewa. Badalar da muke hawa muna yara, muna hango har Dala da Gwauron Dutse, yanzu wani wurin an yanka an yi shaguna, wani wurin juji ne. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma.

Bazazzagi: Wannan kam ba wasa, tamu ta Zariya ma haka take. Damina ta ci, masu ɗibar ƙasa su ci.

Baduku: Ku je marinar Ƙofar Mata ku ƙirga rijiyoyin da ke da baba a ciki, ku ƙirga waɗanda shara ta cike. Yarana biyu babu wanda ya yarda ya riƙe basilla, kuma ban ga laifinsu ba.

Injiniya Sani: Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara. Wa zai biya magina? Shi ya sa ake komawa siminti.

Ɗan Kurmi: Simintin ne ai ya mayar da ƙofofinmu kamar bukkar da aka sa Baba Baduku a ciki.

'Yar Fagge: Don Allah Maman Hanifa, ko kin lura ana ba da aron keken guragu a bakin ƙofar?