Honda FC: zakara ce ko mai tare ƙofa?

Mai sayar da kayan babur: Assalamu alaikum. Ina nan a kan maganar da na faɗa jiya, cewa kofin da ƙungiya ta ci a gasar da ita kanta ta ƙi fita daga cikinta ba abin tinƙaho ba ne. Honda FC ta birnin Hamamatsu, wadda kamfanin Honda ya kafa wa ma'aikatansa a 1971, ta lashe gasar JFL sau huɗu a jere daga 2016 zuwa 2019, ta sake ɗauka a 2023, amma JFL mataki na huɗu ce a ƙwallon Japan, kuma ƙungiyar ba ta neman lasisin da zai ba ta damar hawa. Ɗalibin da ya zauna a aji shida shekara da shekaru yana zuwa na ɗaya, wa zai yi masa walima?

Tsohon ma'aikacin masaƙa: Wa alaikumus salam. Alhaji, misalin naka yana da daɗin ji, sai dai ya rufe tarihi. Honda ba ƙaramar ƙungiya ba ce da ta laɓe a ƙasa don tsoro. Ta shiga rukuni na ɗaya na tsohuwar gasar Japan tun 1981, lokacin da manyan ƙungiyoyin ƙasar kusan duk na kamfanoni ne. Da aka zo buɗe gasar ƙwararru ta J.League a 1993, an shimfiɗa sharaɗin cewa ƙungiya ta zama mai cin gashin kanta, ta jingina da wani gari, ta kuma cire sunan kamfani. Ta Mitsubishi ta koma Urawa Reds, ta Sumitomo ta koma Kashima Antlers, ta Toyota ta koma Nagoya Grampus. Honda ta ce sana'arta ƙera mota da babur ce, kuma ƙungiyar ta ma'aikata za ta ci gaba da zama. Wannan zaɓi ne da aka yi ido a buɗe, har an biya kuɗinsa da tsada, domin kocinta Masakatsu Miyamoto da wasu fitattun 'yan wasanta sun tattara sun koma Kashima.

Malamar makaranta: Baba, da izininka, abin da ka kawo ya fi ƙarfafa hujjar Alhaji. A garin Iwata, maƙwabcin Hamamatsu, ƙungiyar kamfanin Yamaha ta karɓi sharaɗin, ta zama Jubilo Iwata, ta ci gasar Japan, ta kuma zama zakarar nahiyar Asiya a 1999. Kamfanonin nan biyu kishiyoyi ne a kasuwar babur kuma a yanki guda suka tsiro, don haka muna da ma'aunin da ya dace. Ɗaya ta kai ga kofin nahiya, ɗaya kuwa tana nan tana karawa da ƙananan ƙungiyoyi a ɗan filinta na Miyakoda. Mutanen Hamamatsu, birni mai girma, su ne aka bari ba su da ƙungiya a gasar ƙwararru.

Tsohon ma'aikacin masaƙa: Malama, ban musa nasarar Jubilo ba, amma tambayar da aka aza ita ce ko kofunan Honda na da daraja, kuma wurin da ake gwada haka shi ne Kofin Sarkin Japan, inda manya da ƙanana ke haɗuwa. A 2019 Honda ta fitar da Consadole Sapporo ta rukuni na ɗaya, ta fitar da Tokushima Vortis, sannan ta doke Urawa Reds da ci biyu da nema, a shekarar da Urawa ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Asiya. Sai a zagayen 'yan takwas aka tsayar da ita, kuma Kashima ce ta tsayar da ita, kamar yadda ta yi mata a wannan matakin a 2007. Wato gidan da tsofaffin 'ya'yanta suka taimaka aka gina shi ne ya zame mata ƙarfen ƙafa. A 2021 ma ta cire Yokohama F. Marinos a bugun fanareti. Mafi yawan waɗannan samari ma'aikata ne da ke shiga masana'anta da safe su fito atisaye da rana. Ni da na yi shekaru ina tsayuwa a gaban inji na san abin da ake nufi da a tashi daga aiki a ɗaura takalmin ƙwallo.

Ɗan jarida mai ritaya: Ina ganin an bar babban zargin a gefe. Masu bin ƙwallon Japan suna kiran Honda mai gadin ƙofar J.League, kuma sunan yana da fuska biyu. A 2023 ƙa'idar ita ce sai ƙungiya ta zo ta ɗaya ko ta biyu kafin a yi maganar hawanta zuwa J3, wato mataki na uku. Honda ta zo ta ɗaya, Briobecca Urayasu ta zo ta biyu, dukansu ba su da lasisi, saboda haka babu wadda ta hau a wannan shekarar, babu kuma wadda ta faɗo daga J3. Garuruwan da suka tara kuɗi, suka gyara fili, suka cika kowane sharaɗi sun koma gida hannu rabbana, ƙungiyoyin da suka yi kwantai a J3 kuma suka tsira a banza.

Mai sayar da kayan babur: Madalla, Malam. Ka faɗi abin da na kasa tsarawa. Ba ta shiga ba, ta kuma hana mai son shiga.

Malamar makaranta: A nan kam, Alhaji, zan rabu da kai. Honda ba ta rubuta ƙa'idar ba, kuma ba za a ce ta riƙa faɗuwa da gangan don wasu su wuce ba. Ƙungiyar da ta kasa tsere wa ma'aikatan masana'anta a tsawon kakar wasa, me za ta je ta yi a cikin ƙwararru? Damuwata dabam ce, ita ce rayuwar irin wannan ƙungiya tana rataye da ra'ayin hukumar kamfani. Mun gani a gida: Leventis United ta Ibadan ta ci gasar Najeriya a 1986, ba a jima ba masu ita suka rushe ta, kuma BCC Lions ta kamfanin siminti a Gboko, wadda ta ɗauko kofin Afirka a 1990, ta dusashe da kamfanin ya sauya hali.

Tsohon ma'aikacin masaƙa: Haka ne, 'yata, kuma ba a Najeriya kaɗai ba. Yokohama Flügels ƙwararriya ce a rukuni na ɗaya, amma da ɗaya daga cikin kamfanonin da ke riƙe da ita ya janye, sai aka narkar da ita cikin Marinos, bayan ta ci Kofin Sarki a wasanta na ƙarshe ranar 1 ga Janairun 1999. Ita ta cire sunan kamfani kamar yadda aka nema, kuma hakan bai cece ta ba. Honda da ta ƙi cirewa ta haura shekara hamsin tana buga ƙwallo a Hamamatsu.