Abin da na tsinta a hirarmu kan maganin HIV

Jama'a, ga shawarwarin da aka bayar a taƙaice. Yawancinmu yanzu TLD muke sha, ƙwaya ɗaya a rana mai haɗe da tenofovir, lamivudine da dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta fifita tun 2019. Waɗanda suka sha efavirenz, wani maganin HIV ɗin, a da sun ce jiri da mafarkai masu firgitarwa ne suka dame su, wata ma ta ce sai ta dafa bango kafin ta kai bayi da asuba.

Dolutegravir kuma rashin barci da ƙiba aka fi kuka da su, wai idan barci ya gagara a tambayi likita a mayar da shi safe. Masu shan maganin ƙarin jini ko na olsa mai kalsiyam ku kula, suna rage wa dolutegravir ƙarfi, a sha TLD awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Mai tarin fuka da ke shan rifampicin ana ƙara masa dolutegravir ya zama sau biyu a rana.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne tenofovir, a riƙa gwajin ƙoda, kuma mai ciwon hanta na B don Allah kar ya daina shan sa da kansa, ciwon hantar na iya tashi.